Taswira, Rubutu, Ɗan Kwangila ko Talla: Wace Hanya Ce Za Ta Ɗaga Shafin Ɗan Kasuwar Kebbi a Google?

Akwai 'yan kasuwa da dama a Birnin Kebbi da Argungu da Jega da Yauri waɗanda suka kashe kuɗi aka buɗe musu shafin intanet, aka saka hoton shago da lambar waya, suka koma suna jiran masu saye, amma har yau idan suka rubuta sunan hajarsu a Google sai su tarar shafukan mutanen Legas da Abuja sun cika fuskar waya, nasu kuwa ko alamarsa babu. Mafi yawansu ba su san komai ba game da haɗa manhajar kwamfuta, kuma ba su da niyyar koyo, domin lokacinsu na auna shinkafa ne da karɓar baƙi da sallamar leburori. Hanyoyin da irin wannan mutum zai iya bi huɗu ne: ya sanya kasuwancinsa a taswirar Google, ko ya riƙa rubuta bayanai masu amfani a shafinsa da kansa, ko ya ɗauki wanda zai yi masa aikin gyara shafi don ya hau sama a sakamakon bincike, wanda masu sana'ar ke kira SEO, ko kuma ya biya kuɗin talla. Ana yawan ambatonsu tare kamar abu ɗaya ne, alhali kowace da inda take kai mutum, kuma kowace da irin abin da take ci, wata kuɗi, wata lokaci.

Abin da zai sauƙaƙa zaɓi shi ne mutum ya lura da fuskar da Google ke nuna masa bayan ya yi bincike, domin kashi uku ce. A can sama akwai tallace-tallace, waɗanda aka yi wa alamar cewa biya aka yi. Idan abin da aka nema yana da alaƙa da wuri, kamar otal ko asibiti ko shagon kayan gini, sai taswira ta biyo baya ɗauke da sunayen wurare, galibi uku. Daga nan sai jerin shafuka na asali, waɗanda Google ya jera bisa nasa ma'auni ba tare da an biya shi ko kwabo ba. Talla tana sayen wuri a kashi na farko, rajistar taswira tana neman kashi na biyu, rubutu da gyaran shafi kuwa kashi na uku suke nema. Saboda haka kafin a tambayi wace hanya ce ta fi, sai a fara tambayar inda mai sayen yake zaune: a cikin gari yake yana neman wurin da zai taka da ƙafarsa, ko kuwa yana Ibadan ne yana neman wanda zai loda masa tirela?

Ga wanda masu sayensa ke kusa, babu abin da ya kai rajistar taswira sauƙi da saurin amfani. Sunanta Google Business Profile, kafin 2021 kuma ana kiranta Google My Business, kyauta ce, kuma da wayar hannu da adireshin Gmail ake yin ta. Mutum zai rubuta sunan kasuwancinsa, ya zaɓi rukunin sana'a, ya dasa alama a daidai inda shagonsa yake a taswira, ya saka lambar waya da lokutan buɗewa da rufewa da hotuna, sannan ya haɗa da adireshin shafinsa. Google zai buƙaci tabbacin cewa wurin na gaske ne, kuma a 'yan shekarun nan yakan nemi a ɗauki bidiyo da ke nuna allon shago da titin da ke gabansa da kayan da ke ciki, wanda hakan ya fi dacewa da mu a kan jiran takarda ta gidan waya, tunda shaguna da yawa a garuruwanmu ba su da lambar gida, da kwatance ake zuwa. Wanda ba shi da allo a ƙofar shagonsa ya fara zuwa wurin mai fenti kafin ya taɓa waya.

Google da kansa ya bayyana abubuwa uku da yake dubawa wajen jera wurare a taswira: dacewar wurin da abin da aka nema, nisansa daga mai nema, da kuma shahararsa. Na biyun shi ne babbar garkuwar ɗan kasuwar Kebbi, domin kamfanin da ke Legas, komai ƙarfin jarinsa, ba zai iya matsowa kusa da mutumin da ke tsaye a Gesse ko Badariya yana neman mai gyaran firiji ba. Na farko ana samun sa ta hanyar zaɓen rukunin sana'a daidai da cike kowane gurbi. Na uku ya dogara sosai da ra'ayoyin da abokan ciniki ke rubutawa da taurarin da suke bayarwa, kuma a nan ne mutanenmu ke da rauni, saboda mun saba yabo da baki a majalisa, ba mu saba rubuta shi ba. Maganin abin shi ne a roƙi wanda ya ji daɗin ciniki ya rubuta jimla biyu, da Hausa ma ya wadatar, a kuma amsa masa da godiya. Sayen ra'ayoyin ƙarya ko cusa sunayen kaya da na garuruwa a cikin sunan shago ya saɓa wa ƙa'idar Google, kuma yana iya jawo a dakatar da rajistar gaba ɗaya.

Iyakar wannan hanya a fili take. Nisan da ke kare ka daga ɗan Legas shi ne kuma ke ɓoye ka daga mai sayen da ke Legas. Haka kuma Google bai yarda da rajistar kasuwancin da ba ya haɗuwa da abokan ciniki ido da ido ba, don haka wanda ke sayar da darussa ko littattafai ta intanet kawai ba shi da rabo a nan. Ba kuma za a ɗauke ta a madadin shafi ba, domin ƙananan shafukan kyauta da Google ke bayarwa tare da rajistar an rufe su a watan Maris na 2024.

Hanya ta biyu, wato rubutu, ita ce mafi jinkiri kuma mafi ɗorewa, kuma a ganina ita ce wadda aka fi rainawa ba bisa haƙƙi ba. Mutane suna zaton sai masani ne zai iya, alhali abin da ake buƙata ilimin hajar ne, wanda ɗan kasuwa ya fi kowane masanin kwamfuta mallaka. A ɗauki dillalin shinkafa a Argungu ko Suru. Kullum wayarsa tana ƙara da tambayoyi iri ɗaya: shanshera yake sayarwa ko gyararriya, Faro 44 ce ko Jamila, akwai tsakuwa ko an tace, buhu mai kilo 50 ne ko 25, mafi ƙarancin abin da zai loda nawa ne, kwana nawa mota ke yi daga Jega ta bi Yauri da Kontagora kafin ta isa kudu, wa ke ɗaukar asara idan ruwa ya taɓa kaya a hanya. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan tambayoyi akwai wanda ke rubuta ta a Google a wani gari, kuma duk shafin da ya amsa ta dalla-dalla, da hotunan da aka ɗauka a sito na gaske, yana da damar fitowa. Sunan jihar ma jari ne a wannan fage, tunda a Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Babban Bankin Nijeriya a watan Nuwamba na 2015, sannan shinkafar Lake Rice ta haɗin gwiwar Legas da Kebbi ta shiga kasuwa a 2016, abin da ya sa mutanen kudu da yawa suka haɗa sunan Kebbi da shinkafa a ransu. Haka albasar Aliero da kifin Yauri suke da sunan da ya riga masu su isa nesa.

Aikin hannu da ke cikin wannan hanya bai fi ƙarfin wanda ya iya tura saƙo a WhatsApp ba. Kowane batu a ba shi shafinsa daban, maimakon a tara komai a shafin farko. Kan maganar kowane shafi ya faɗi abin da ke ciki da sunan gari a cikin kalmomi kaɗan, domin Google yakan yanke abin da ya wuce haruffa kusan 60, kuma kan magana irin “Barka da zuwa shafinmu” ɓarnar wuri ne kawai. A rage nauyin hotuna kafin a ɗora su, saboda Google yanzu da fuskar waya yake auna shafi, mai saye kuma da ke kan layin da ke rarrafe ba zai jira hoto mai nauyi ya gama buɗewa yana cin datarsa ba. Wanda aka gina masa shafinsa da manhajar WordPress zai iya saka ƙananan manhajojin Yoast SEO ko Rank Math, waɗanda ke da nau'in kyauta kuma suna ba da gurbin rubuta kan magana da taƙaitaccen bayani ba tare da an taɓa wani abu mai wuya ba. Sai dai kada a mayar da koren alamar da suke nunawa idan rubutu ya cika ma'auninsu abin bauta, musamman a rubutun Hausa, domin ma'auninsu na daɗin karatu ba don harshenmu aka gina shi ba.

Batun harshe yana buƙatar a tsaya a kansa. Rubutun Hausa a intanet kaɗan ne idan aka kwatanta da yawan masu jin harshen, kuma mafi yawansa labarai ne da siyasa da nishaɗi, don haka wanda ya rubuta bayani mai kyau da Hausa a kan adana albasa, ko zaɓen injin ban ruwa, ko kuɗin makarantar kwana, sau da yawa zai tarar filin babu cunkoso. A Turanci kuwa gasar tana da zafi, amma a can manyan masu saye na kudu suke. Mai makaranta ko mai shagon magungunan dabbobi da ke hulɗa da mutanen Bunza da Kamba da Dakingari, har da maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar, Hausa ce ta fi masa. Dillalin da ke neman Legas da Onitsha dole ya yi Turanci, kuma idan zai yi duka biyun, kowane harshe ya samu shafinsa, kada a cakuɗa su a wuri ɗaya. A kuma rubuta kalma yadda mai nema zai buga ta: mu nan muna iya cewa shinkahwa a baki, amma a waya shinkafa kowa ke rubutawa. Haka nan mutane da yawa ba sa saka ƙugiya a haruffan ƙ da ɗ da ɓ idan suna bincike, saboda haka yana da kyau mutum ya gwada kalmarsa ta fuska biyu ya ga abin da ke fitowa kafin ya tsayar da kan magana.

Jarabar da ta shigo yanzu ita ce a sa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta zubo shafuka hamsin a dare ɗaya. A watan Maris na 2024 Google ya fitar da ƙa'ida a kan tara shafuka barkatai don neman matsayi kawai, ko mutum ne ya rubuta ko na'ura. Ko da ba a hukunta shafin ba, irin wannan rubutu ba ya ɗauke da abin da mai saye ke nema, tunda na'urar ba ta san yadda kasuwar Jega ta tashi a makon jiya ba. A yi amfani da ita wajen gyara Turanci idan ana so, amma bayanin ya fito daga bakin mai kaya.

Aibin rubutu shi ne yana cin lokaci kuma ba ya nuna sakamako da wuri. Watanni za su shuɗe kafin a ga motsi, kuma mafi yawan waɗanda suka fara sukan gaji a shafi na uku. Wanda ya san ba zai iya ware awa biyu a mako ba, gara ya sa ɗansa ko yaron shagonsa ya riƙa ɗaukar maganarsa a waya yana mayarwa rubutu, shi kuma ya duba kafin a wallafa.

Hanya ta uku ita ce a ba wani kwangila, kuma a nan ne aka fi yin asara. Akwai masu gaskiya a sana'ar, akwai kuma masu cin kasuwar jahilcin mutane, kuma wanda bai san aikin ba yana da wuya ya bambance su daga magana kawai. Alama ta farko ita ce alkawari: Google ya faɗa a fili cewa babu wanda zai iya ba da tabbacin matsayi na ɗaya, kuma a shawarar da ya bai wa masu ɗaukar irin waɗannan ma'aikata ya ce aikin yakan ɗauki wata huɗu zuwa shekara guda kafin a ga amfaninsa. Duk wanda ya ce mako biyu sun ishe shi, ko dai sunan shagonka kawai zai nuna maka ya fito, wanda dama zai fito, ko kuma zai bi hanyar da za ta cutar da kai daga baya. Alama ta biyu ita ce tayin mahaɗai dubu a farashi mai rahusa, wato wuraren dannawa a wasu shafuka da ke kai mutum zuwa naka. Gaskiya ne cewa tun da Larry Page da Sergey Brin suka kafa Google a 1998, mahaɗin da wani shafi ya yi zuwa naka ana ɗaukarsa kamar shaida ce a kanka, amma tun daga sauyin da aka kira Penguin a 2012 Google ke farautar shaidun haya, kuma mahaɗi ɗaya daga jarida ko ƙungiyar 'yan kasuwa ta gaske ya fi tarin na banza. Wanda kuma ya ce zai ɓoye maka kalmomin sirri a bayan shafi, yana sayar da abin da Google ya sanar tun 2009 cewa ba ya dubawa.

Na ga irin wannan a gida. Wani ɗan'uwana mai sayar da kayan gini ya ba wani matashi aikin shafi, matashin ya yi rajistar adireshin da sunansa da imel ɗinsa, bayan shekara guda suka saɓa a kan kuɗi, sai adireshin ya mutu a hannunsa, alhali an riga an buga shi a allo da rasit da jikin mota. Saboda haka kafin a biya ko sisi, a tabbatar cewa adireshin shafi, ko .com ne ko .com.ng da ke ƙarƙashin kulawar NiRA, ƙungiyar da ke kula da adiresoshin intanet na Nijeriya, da sunan mai kasuwanci aka yi shi, haka ma asusun kamfanin da ke ajiye shafin da rajistar taswira, shi kuma ma'aikaci a ba shi izinin shiga wanda za a iya janyewa.

Inda ɗan kwangila ke da amfani na gaske shi ne aiki mai iyaka wanda ake iya gani da ido. Idan burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, tana nuna cewa shafin ba shi da tsaro, kamar yadda Chrome ke yi wa duk shafin da ba shi da tsarin tsaro na HTTPS tun watan Yuli na 2018, ko shafin yana wargajewa a fuskar waya, ko yana da nauyin buɗewa, ko Google bai san da shi ba kwata-kwata, waɗannan gyare-gyare ne na kwana ɗaya ko biyu, kuma ba a rasa matasan da suka karanta kimiyyar kwamfuta a jami'ar Aliero ko Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ko Kwalejin Waziri Umaru da za su iya. A yi ciniki a kan aikin, a gwada a waya a gaban mai gyara, a biya. Biyan wata-wata kuwa sai kasuwancin da ribar ciniki ɗaya za ta iya ɗaukar nauyin watanni, kamar injin casar shinkafa mai neman manyan dillalai.

Talla ta Google Ads ita ce mafi sauri, domin yau za a kunna, yau ko gobe a fara fitowa a sama. Gwanjo ne ake yi a kan kalmomi, ana biya idan an danna, kuma mutum na iya ƙayyade abin da zai kashe a rana da garuruwan da yake so a gan shi. Amma kamar noman rani take a fadama: muddin akwai fetur a inji ruwa na gudu, ranar da ya ƙare kuwa shuka ta fara yaushi. Kuɗin talla ba ya ƙara wa shafi matsayi a jerin asali ko kaɗan. Sabon shiga kuma yakan zaɓi kalma mai faɗi irin “shinkafa”, sai ɗalibai masu aikin makaranta da masu neman yadda ake dafa-duka su cinye masa kuɗin yini kafin azahar. Ta fi dacewa da abin da ke da lokaci ƙayyadadde, kamar mai masauki a Argungu ko Birnin Kebbi a shekarar da za a yi bikin kamun kifi, ko makaranta a makonnin ɗaukar sababbin ɗalibai, ko dillalin da kaya suka taru masa a sito yana tsoron lalacewa.

Idan aka ɗora waɗannan a kan mutane na zahiri, tela da mai gyaran waya da mai ɗakin shan magani da mai gidan abinci su tsaya a kan taswira, su ƙara shafuka uku ko huɗu masu bayyana aiki da farashi da kwatance, ba su da buƙatar ɗan kwangila na wata-wata. Mai otal ya haɗa taswira da hotunan ɗakuna na gaskiya, ya ajiye talla don lokacin taro. Dillalin shinkafa ko albasa ko busasshen kifi da ke kallon kudu ya sa ƙarfinsa a rubutu, ya yi rajistar taswira don mai saye daga nesa ya ga cewa sito na nan a ƙasa, domin wanda zai tura miliyoyi ga mutumin da bai taɓa gani ba yana neman duk abin da zai kwantar masa da hankali. Wanda kuma dukkan cinikinsa ke tafiya a WhatsApp ya sani cewa abin da ya saka a can Google ba ya ganinsa, don haka bayanin da ya fi yawan turawa abokan ciniki shi ne ya kamata ya fara kwafewa zuwa shafinsa.

Kowace hanya aka ɗauka, akwai ma'auni na kyauta da ya kamata a haɗa tun ranar farko, wato Google Search Console, wanda masu WordPress ke iya haɗawa ta hanyar ƙaramar manhajar Site Kit ta Google ɗin kansa. Yana nuna kalmomin da mutane suka rubuta har shafinka ya bayyana, sau nawa aka gan shi, sau nawa aka danna, da matsayin da yake kai, kuma yana riƙe bayanan watanni 16. Bayan wata uku ko huɗu a buɗe shi a duba. Idan ana ganin shafin amma ba a dannawa, kan maganar ne ke buƙatar gyara. Idan yana fitowa a matsayi na goma sha wani abu a kan wata kalma, a koma a faɗaɗa bayanin wannan shafin da sababbin hotuna da amsoshin da suka rage. Idan kuwa babu ko alamar gani, a rubuta site: a Google a liƙa adireshin shafin a gabansa ba tare da tazara ba, in babu abin da ya fito, matsalar ta gyara ce, kuma lokacin kiran matashin nan mai kwamfuta ya yi.